BAƘAƘEN TATTABARU, FARIN ƊA: DARASI A KAN LAUNI, GADO DA ZARGI



Godiya ta tabbata ga Allah Mahaliccin kowa da komai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan'uwa, darasinmu na yau a kan launin gashin tsuntsu ne. Na san wani zai ce: Malam, ga tsadar rayuwa, ga matsalar tsaro, sai maganar gashin kaza? To ka yi haƙuri ka karanta zuwa ƙarshe. Wallahi akwai auren da ya mutu, akwai yaron da ya tashi uba na kallonsa da ƙyama, akwai kuma mutumin da ya ɓata tauhidinsa a ɗakin boka, duk saboda rashin sanin abin da za mu tattauna yau.

Tambayar da za mu bi ita ce: me ya sa tattabaru biyu masu duhu za su ƙyanƙyashe ɗa fari sol? Wanda ya gane amsar, ya gane wani hadisi babba da yake tsare mutuncin matan Musulmi.

ALƘUR'ANI YA CE A DUBA LAUNI

Ku buɗe Suratu Faɗir, aya ta 27 da ta 28. Allah ya jero mana bambancin launi a 'ya'yan itatuwa, da duwatsu, da mutane, da dabbobi. A ƙarshen wannan jeri ne ya kawo maganar malamai da tsoron Allah. Ku lura da wurin da aka ajiye maganar ilimi: daf da maganar launi. A Suratur Rum aya ta 22 an sa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. A Suratul An'am aya ta 38 an sanar da mu cewa tsuntsaye ma al'ummu ne kamar mu.

Magabata ba su raina wannan fage ba. Al-Jahiz, mutumin Basra wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya yi dogon bayani a kan tattabara a littafinsa Kitabul Hayawan. Kamaluddin Ad-Damiri, malamin Shafi'iyya na Misra wanda ya rasu a 808 bayan Hijira, ya wallafa Hayatul Hayawanil Kubra, yana kawo dabba da siffarta da hukuncinta a fiƙihu. Ke nan idan liman ya yi maganar tsuntsu, turbar malamai ya bi.

RINI DAGA WAJE, LAUNI DAGA CIKI

Mu mutanen Kakuri da Makera da Nasarawa mun san rini. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, sannan sauran masaƙu irin su UNTL da Arewa suka biyo baya, iyayenmu da yawa a saƙa da buga atamfa suka ci abinci. Har yanzu a sahun farko na masallatanmu akwai dattawan da za su gaya maka cewa yadi fari yake fitowa, daga baya a ɗora masa launi.

Gashin tsuntsu ba haka yake ba. Yana tsirowa ne daga wani ɗan rami a cikin fata, kuma tun yana tsirowa ake zuba masa launinsa a ciki. Da zarar ya gama girma sai jini ya janye daga gare shi, ya zama busasshen abu kamar farce ko gashin kanmu. Dukkansu ma abu ɗaya aka yi su da shi, masana suna ce masa keratin. Shi ya sa tsuntsu ba ya sake launi sai ya zubar da tsohon gashi sabo ya fito.

Kun ga 'yan tsakin nan da ake rinawa kore da ja ana sayar wa yara? Bayan 'yan makonni gashin gaske zai fito, rinin ya tafi, kowane ɗan tsako ya koma launin gidansu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, haka nan rigar gidansu yake sawa.

HANYOYI HUƊU DA LAUNI YAKE SAMUWA

Ta farko: melanin. Wannan sinadari ne da jikin tsuntsu yake haɗawa da kansa, kuma iri biyu ne. Akwai mai ba da baƙi da ruwan toka, akwai mai ba da ja-ja da ruwan ƙasa. Baƙin hankaka na farkon ne. Jan zakaran gida na biyun ne. Ɗige-ɗigen zabo kuwa, wurin da aka zuba melanin shi ne duhun, wurin da aka tsallake shi ne farin ɗigon. Ku riƙe wannan da kyau: melanin ɗin nan shi ne dai a fatar ɗan Adam da gashinsa da ƙwayar idonsa. Kuma yana ƙara wa gashi ƙwari. Shi ya sa za ka ga manyan tsuntsaye farare masu doguwar tafiya, irin kwasakwasa, bakin fiffikensu baƙi ne, daidai wurin da iska ta fi ci.

Ta biyu: launin da ake samu daga abinci, ana ce masa karotinoyid. Shi ne rawayar da ke cikin karas da manja da jar masara da ganyaye. Tsuntsu ba ya iya ƙera shi, sai ya ci. Duk mai kiwon kajin ƙwai a Kaduna ya san wannan ko bai san sunansa ba: ba wa kaza farar masara zalla, gwaiduwa ta fito fari-fari, ba ta jar masara da ganyen zogale, gwaiduwa ta yi jawur. Ɗan tsuntsun nan ja da baƙi da muke gani a kan karan gero da ciyayin fadama da damina, jansa daga nan yake. Da rani ya zubar da wannan riga, ya koma ruwan ƙasa kamar matarsa, har ka rantse ba shi ba ne.

Amma abinci kaɗai ba ya isa. Abin da tsuntsun yake ci rawaya ne, jikinsa ne yake juya shi zuwa ja. A shekarar 2016 masu bincike suka gano ƙwayar gadon da take wannan aiki, suka sa mata suna CYP2J19. A jan kanari aka gano ta, wanda masu kiwo a Jamus suka fara nema kusan shekara ɗari da suka wuce ta hanyar haɗa kanari da wani jan tsuntsu na ƙasar Benezuwela. Wato kanarin da bai gaji wannan aiki a gashinsa ba, abincin da yake ci kullum ba zai mayar da shi ja irin na wancan ba.

Ta uku: launuka na musamman da Allah ya keɓe wa wasu dangi. Jan wutsiyar aku, aku ne yake haɗa shi a jikinsa, ba daga abinci ba. Akwai kuma wani tsuntsu na Afirka da Turawa suke kira turako, ana samun wani nau'insa a kurmin bakin rafuka a yankinmu. Jan fiffikensa yana ɗauke da jan ƙarfe na gaske, irin wanda ke cikin wayar lantarki. Wani masanin sinadarai na Ingila, Arthur Church, ya tabbatar da haka a 1869. Subhanallah, ƙarfe a cikin gashi.

Ta huɗu, ita ce ta fi ban mamaki: launin da babu rini a cikinsa ko kaɗan. Ɗauki farar shadda. Zare iri ɗaya ne, launi ɗaya ne, amma kana ganin zane a jikinta yana ɗaukar ido, saboda yadda aka saƙa zaren yana mayar da haske ta fuskoki daban-daban. Ko ka dubi baƙin mai da ya zuba a kan ruwa a garejin makanike, za ka ga launukan bakan gizo alhali man baƙi ne. To haka shuɗin ɗawisu yake, haka kore da shunayyar da ke walƙiya a wuyan tattabara suke. A cikin gashin akwai wasu siraran shimfiɗu da ido ba ya gani, an jera su da awo, haske ya faɗo a kansu su dawo da launi ɗaya su riƙe saura. Idan ka daka shuɗin gashi ya zama gari, shuɗin ya tafi, sai duhu-duhu. Tun 1665 wani Bature mai suna Robert Hooke ya duba gashin ɗawisu da madubin ƙara girma ya lura da hakan.

Fari kuma fa? Farin balbelar da ke bin shanu a bakin kogin Kaduna ba farin fenti ba ne. Gashi ne da ba a zuba masa komai ba, haske ya shiga ya warwatsu ya fito gaba ɗaya, kamar yadda kumfar sabulu take fari alhali ruwan ba shi da launi. Wannan ma a riƙe shi: fari yana nufin ba a zuba melanin a wurin ba.

YADDA AKE GADO

To wa yake ba da umarni a zuba baƙi nan, a tsallake can? Allah ne Mai hukunta komai, kuma ya sanya wa abin sababi. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai wasu zarurruka da ake kira kuromosom, a kansu aka rubuta tsarin halittar. Mutum yana da tagwaye 23. Kaza tana da tagwaye 39. Me ya sa tagwaye? Domin ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Kowane guntun rubutu mai aiki guda a kan zaren, shi za mu kira ƙwayar gado.

Wanda ya fara fitar da lissafin wannan shi ne Gregor Mendel, wani fada a garin Brno na ƙasar Cek ta yau. Ya shekara da shekaru yana haɗa irin wake a lambu, ya buga sakamakonsa a 1866, mutane ba su kula ba sai a 1900. Ba da jimawa ba masana a Ingila suka gwada lissafin a kan kaji, ya fito daidai.

Ga abin da ya gano a taƙaice. Tunda kowane hali kana da kwafi biyu nasa, wani kwafin mai rinjaye ne, wani mai ɓuya ne. Mai rinjaye ko shi kaɗai ne zai bayyana. Mai ɓuya ba ya bayyana sai ya haɗu da ɗan'uwansa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba.

Kun san wannan lissafi, ai shi ne na sikila. Mai AS lafiyarsa ƙalau, amma yana ɗauke da S a ɓoye. AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS.

Yanzu mu hau rufin kwano wurin matasanmu masu tattabaru a Barnawa da Kakuri. A tattabara akwai wani nau'in fari mai ɓuya. Namiji mai duhu yana ɗauke da shi, macen ma mai duhu tana ɗauke da shi, babu wanda ya nuna alama. Suka yi ƙwai biyu, suka kwanta kwana 18, sai ga ɗa ɗaya ya tashi fari sol. Mai kiwo zai ce wani farin namiji ne ya shigo daga maƙwabta. Alhali farin nan yana cikin gidan tun kaka da kakanni, yana tafiya a ɓoye, sai yau kwafi biyu suka haɗu.

Haka yake a zabi. Kana da garke duk masu ɗige-ɗigen nan da muka saba, wata rana a ƙyanƙyashe mai ruwan toka a ciki. A kaji ma fari iri biyu ne: akwai mai rinjaye, akwai mai ɓuya. A ido duk fari ne, amma a gado hanyarsu daban. A shekarar 2014 masu bincike a jami'ar Yuta ta Amurka suka nuna cewa ƙwayoyin gado uku kacal, idan suka cuɗanya, su suke fitar da yawancin manyan launukan tattabarun gida. Wata ma tana rufe aikin wata, kamar mutum ya ɗora babbar riga a kan kaftani. Kaftanin yana nan, kuma shi ma ana gadonsa.

Akwai wani ƙarin abu. Wasu launukan suna tafiya tare da jinsi. A tsuntsu, namiji yana da zare biyu iri ɗaya, ana rubuta su ZZ, mace kuma ZW. Idan ka haɗa namijin tattabara mai shuɗi-shuɗin toka da mace mai jan toka, 'ya'ya maza za su ɗauko launin uwa, mata su ɗauko na uba. Da irin wannan ilimi kamfanonin ƙyanƙyasa suke aiki. 'Yan tsakin jajayen kajin ƙwai da ake kawo mana a kwali, tun ranar farko ake ware su da ido: mata ja-ja, maza fari-fari. Nan kusa da mu, a Shika ta Zariya, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da nata irin kazar ƙwai mai suna ShikaBrown. Ilimin nan yana ƙofar gidanmu.

A nan zan ɗan tsaya in ja kunnen maza. A tsuntsu, daga ɓangaren uwa ake samun abin da yake bambanta namiji da mace. A ɗan Adam kuwa akasin haka ne: mace XX ce, namiji XY, don haka abin da yake sa ciki ya zama namiji daga uba yake zuwa, da izinin Allah. Mai tsangwamar matarsa don tana haifar 'ya'ya mata ya saɓa wa Suratush Shura aya ta 49 da ta 50, ya kuma saɓa wa ilimi.

HADISIN MAI RAƘUMA

Yanzu mun iso inda nake son mu iso. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa wani mutum, a ruwayar Muslim an ce daga ƙabilar Banu Fazara yake, ya zo wurin Annabi (SAW) yana cewa matarsa ta haifi yaro baƙi. Bai fito fili ya yi mata ƙazafi ba, amma kowa ya gane inda ya dosa. Annabi (SAW) bai yi masa tsawa ba. Sai ya tambaye shi ko yana da raƙuma, ya amsa yana da su. Ya tambayi launinsu, ya ce jajaye ne. Ya tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Ya tambaye shi daga ina wannan ya samo launinsa, mutumin da bakinsa ya ce wataƙila wata jijiya ce ta asali ta jawo shi. Sai Annabi (SAW) ya nuna masa cewa ɗansa ma haka zai iya kasancewa, kuma bai ba shi damar kore yaron ba.

Ku dubi hikima. An mayar da mutumin garkensa, wurin abin da ya sani da idonsa, ya yanke wa kansa hukunci. Shi ya sa Imam Bukhari ya kawo hadisin a babin saki, ya sake kawo shi a Kitabul I'itisam a matsayin hujjar auna abin da ya shige duhu da abin da aka sani. Abin da muka yi da tattabara yau ke nan. Imam Nawawi a sharhin Muslim ya fitar da hukuncin a sarari: saɓanin launi tsakanin ɗa da uba ba ya zama dalilin kore nasaba.

Ga wani misalin daga gidan Annabi (SAW) kansa. Zaidu ɗan Harisa fari ne, ɗansa Usama baƙi ne, mahaifiyarsa Ummu Aiman 'yar asalin Habasha ce. Masu baki suka yi ta magana. Wata rana Mujazziz Al-Mudliji, gwanin gane dangantaka ta siffa, ya gan su kwance sun lulluɓe kawunansu, ƙafafu kawai a waje, ya shaida cewa ƙafafun nan jini ɗaya ne. Nana A'isha (RA) ta ce Annabi (SAW) ya shigo wurinta fuskarsa tana annuri don murna.

Launin fatar mutum ƙwayoyin gado masu yawa ne suke haɗuwa su fitar da shi, shi ya sa uwa ɗaya uba ɗaya za ka ga wannan wankan tarwaɗa, wannan baƙi, wannan fari. Jariri ma sau da yawa da haske yake zuwa, sai a hankali launinsa ya zauna. Balle mu nan kudancin kogi, inda masaƙu da layin dogo suka tara ƙabilu aka yi ta auratayya. Wa ya san launin kakan kakarsa?

Sai maganar 'yan'uwanmu zabiya. Wannan shi ne lissafin farar tattabara daidai. Jikinsu ba ya haɗa melanin yadda ya kamata, kuma halin mai ɓuya ne. Ba a haifar zabiya irin wanda muka fi gani sai uwa ta ba da kwafi, uba ma ya ba da kwafi. Ka ji ko, maigida? Rabin abin daga jikinka ya fito. Ba aljani ba ne ya shafi cikin, ba wankan dare ba ne, ba kuma cin amana ba ne. Abin da yaron yake buƙata a wurinka shi ne hula mai faɗi, riga mai dogon hannu, man kariya daga rana, a kai shi likitan ido, a roƙi malaminsa ya zaunar da shi a gaban aji. Rana tana ƙona fatarsu har ta kai ga ciwon daji. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni ta kowace shekara don wayar da kai a kansu. Mu da muke da hadisin mai raƙuma, ai mu ya kamata mu riga kowa.

Na ga yadda maganar gwajin DNA ta zama abin wasa a Facebook da TikTok, kowa yana zuga kowa. Ku sani, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na 16 a Makka a shekarar 1422 bayan Hijira, daidai da 2002, ta yarda a yi amfani da gwajin a wurare irin su musanyar jarirai a asibiti da gano gawa da yaran da suka ɓata. Amma ta hana a yi amfani da shi wajen kore nasabar da ta tabbata a shari'a, ko a gabatar da shi a kan li'ani. Asali a shari'a, ɗan da aka haifa a cikin aure na mijin ne. Wanda yake da tabbacin wani abu, ƙofarsa alƙali ce da hukuncin da ke farkon Suratun Nur. Wanda ba shi da komai sai "yaron bai yi kama da ni ba", to ya ji tsoron Allah. A aya ta 4 ta wannan sura, bulala 80 aka yanka wa mai yi wa kamammiyar mace ƙazafi ba da shaidu huɗu ba. Kuma uwar miji da ƙannen miji masu habaici a gidan suna, hukuncin nan bai tsallake ku ba.

FARIN ZAKARA DA BAƘAR KAZA

Ɓarna ta biyu da jahiltar launi take jawowa ita ce camfi. Ka shiga kasuwar Monday a Kakuri ko kowace kasuwar kaji, wani lokaci za ka ga mutum ya dage sai baƙar kaza wadda babu ɗigon fari, ko farin zakara tas, ko nawa ne zai biya. Ba kowa ba ne, wani sha'awa ce kawai, kuma ba mu da izinin munana zato. Amma mun san akwai waɗanda boka ne ya aiko su.

Ɗan'uwa, yanzu ka san mene ne baƙar kaza: kaza ce da melanin ya cika gashinta. Farin zakara kuwa zakara ne da ba a zuba masa ba. Ka fige su biyun ka sa a tukunya, wa zai bambance? Wane asiri ne yake zaune a cikin abin da ake figewa a zubar a bola? Yanka ibada ce, yin ta don wanin Allah shirka ce, kuma a Sahihu Muslim an la'anci mai yin haka. Boka yana sa sharaɗin launi ne don abin ya yi maka kwarjini, ka wahala wajen nema, ka ɗauka akwai wani sirri.

Wani zai ce ai akwai hadisai a kan falalar farin zakara. Ibnul Jauzi ya kawo su a cikin Al-Maudu'at, littafin da ya tara hadisan ƙarya, Ibnul Ƙayyim ma ya yi watsi da su a Al-Manarul Munif. Abin da ya inganta a Bukhari da Muslim shi ne a roƙi Allah falalarsa idan an ji carar zakara, kuma ba a ambaci launi ba. Wani kuma zai ce ai Annabi (SAW) ya yi layya da raguna biyu masu fari da sirkin baƙi. Gaskiya ne, kuma malamai sun yi maganar launin da ya fi a layya. Amma wannan yanka ne don Allah, bisa koyi, kuma wanda ya yanka baƙin rago layyarsa ta yi. Ina haɗinsa da zubar da jini a mararraba?

Har kazar da ta yi cara, wadda ake cewa masifa ce a yi maza a yanka ta, tana da bayani. Kaza da ma'ajiyar ƙwai ɗaya take aiki, ta hagu. Sinadarin da take fitarwa shi yake riƙe gashinta a siffar mace. Idan ciwo ko tsufa ya lalata ta, sai sinadarin ya ragu, tukkunta ya girma, in ta sake gashi ya fito irin na zakara, har ta fara cara. Rashin lafiya ce ta kaza, ba saƙo ba ne daga gaibu. In ka so ka yanka ta don ta daina ƙwai, halal ne. In ka yanka ta don tsoron mutuwa a gida, ka faɗa cikin camfin da Annabi (SAW) ya kore.

ABIN DA ZA MU TAFI DA SHI

Na ɗaya, launi yana da sababi sananne: melanin, abinci, sinadari na musamman, ko saƙar gashin. Sanin sababi yana ƙara mana ganin girman Wanda ya tsara shi.

Na biyu, gado yana ɓuya, yana iya tsallake zuriya da yawa ya ɓullo. Kada launi ko kama su sa ka zargi matarka ko matar wani.

Na uku, zabiya ɗanka ne, jininka ne, haƙƙinsa kariya da karatu.

Na huɗu, babu launin kaza ko zabo ko tattabara da yake jawo arziki ko ya kore sharri.

Ga ɗan aiki ga iyaye. In ka samu gashin wuyan tattabara ko na ɗawisu, kira yaranka, ku juya shi a rana ku ga kore yana komawa shunayya, sannan ku ɗaga shi haske ya biyo ta bayansa ku ga walƙiyar ta ɓace. Daga nan ka karanta musu ayoyin Faɗir, ka ba su labarin mai raƙuma. Yaron da ya tashi da wannan, da wuya boka ya aike shi neman baƙar kaza, da wuya kuma ya kori ɗansa saboda launi.

Wanda ya san gidan da irin wannan zargi yake ci, ya tura musu rubutun nan cikin hikima, ba tare da tona asirin kowa ba. Masu kiwon tattabaru da zabi kuma, ku rubuto mana abin da kuka gani a garkenku, mu ƙaru da juna.

Allah ya tsare mana tauhidinmu, ya tsare harsunanmu daga mutuncin bayinsa, ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya ba garinmu Kaduna zaman lafiya mai ɗorewa.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.